Wayar da Na Ɗaura a Fis da Sati Tara na Jinyar Rashida

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya bar mana ita da rai. Sunana Isiyaku, haifaffen Fagge, ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Matata Rashida ta yi sati tara a gadon asibiti saboda gobarar lantarki da ta tashi a gidanmu. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, domin akwai hannuna a ciki, kuma ba daɗi mutum ya tona wa kansa asiri. Amma na shiga gidajen abokai da dama bayan abin ya faru, na ga irin abin da ke bangon gidana a nasu bangon.

Rashida 'yar Sabon Gari ce. Iyayenta Yarabawa ne Musulmi, kakanta ne ya zo Kano fatauci ya zauna. 'Ya'yanmu biyu mata, Nana da Hafsa, don haka Maman Nana nake kiranta. Tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida. Firiza biyu gare ta a wani ɗan ɗaki kusa da kicin, kuma duka biyun a soket ɗaya mai doguwar waya muka jona su, wani lokaci har da hitar dafa ruwa. Gidan na gado ne, wayoyin da ke cikin bango tun na zamanin mahaifina.

Da zafi ya shigo, fis ɗinmu ya fara yankewa, yau ya yanke gobe ya yanke. Soket ɗin bango ya yi baƙi a gefe, in ka taɓa shi sai ka ji ɗumi. Na kira Malam Bitrus, wani mai gyaran wuta mutumin Zariya da ke da shago a Sabon Gari. Ya kwance soket ɗin, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Alhaji, wayar nan siririya ce, ba za ta ɗauki firiza biyu ba," in ji shi. "Sai an ja musu layinsu daban. Fis ɗin nan da kake jin haushinsa, shi ke tsare maka gida. In ya yanke, yana gaya maka kaya sun yi yawa ne."

Na ce masa ya bari sai bayan salla. Da ya tafi, na ga ƙanƙarar Rashida tana narkewa kullum, sai na samo wata waya mai kauri ta jan ƙarfe, na ninka ta biyu na ɗaura a gurbin fis ɗin. Daga ranar bai sake yankewa ba. Har daɗi na ji. Ban gaya wa kowa ba, ko ita.

Ranar wata Talata bayan azahar, ina shago ina sallamar mai saye, wayata ta yi ƙara. Malam Sani ne, telan da ke haya a shagon ƙofar gidanmu. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Alhaji, taho gida yanzu! Wuta! Maman Nana!"

Ban rufe shagon ba. Na ga cunkoson motocin kaya a bakin kasuwa, na san in na hau adaidaita ba zan isa ba, sai na zura da gudu a ƙasa. Tun daga bakin layinmu na hango baƙin hayaƙi da mutane da bokitai.

Abin da ya faru, kamar yadda na ji daga baya, shi ne an kawo wuta bayan an ɗauke tun safe. Yaran suna makaranta, ita kaɗai ce a gida. Ta ji warin roba, ta leƙa ɗakin firiza, ta ga wuta na ci a bayan firizar ta kama kwalayen leda. Ba ta san inda babban makunni yake ba, ban taɓa nuna mata ba. Ta ɗauki bokitin ruwa ta watsa, ƙafarta ba takalmi. Da ta ga wutar ba ta mutu ba, ta kai hannu za ta fizge wayar. Nan wuta ta ja ta, ta riƙe ta, sannan ta wurgar da ita ƙasa. Silin ɗin ɗakin na roba ne, ya kama, ya dinga ɗiga a bayanta, hijabinta ya narke a jikinta. Malam Sani ne ya ji ihu. Allah Ya ba shi basira, bai shiga ba sai da ya fizge fis ɗin da ke jikin mita a waje, sannan ya jawo ta.

Na same ta kwance a soron maƙwabta, mata sun kewaye ta. Wata ta fasa ɗanyen ƙwai a hannun, wata ta matse man goge baki a kafaɗa, wata tana cewa a kawo gishiri. Idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Hannunta na dama ba na son na kwatanta shi. Abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Yaran fa? Yaran fa?"

"Suna makaranta, Maman Nana. Lafiyarsu ƙalau."

Muka sa ta a adaidaita, na rungume ta ta gefen da bai ƙone ba. Asibitin farko da muka je a Sabon Gari ƙarami ne. Suka sa mata ƙarin ruwa, suka yi mata allurar rage zafi, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu. A babban asibiti kuma na tarar da layin yankar kati, ga matata a kan gadon turawa a baranda tana rawar sanyi a tsakiyar zafin Kano. Na ɗaga murya, na faɗi maganganun da nake kunyarsu yanzu. Wata nas babba, mai furfura a gaban goshi, ta zo ta ɗaga mayafin da muka rufa mata, ta kalla sau ɗaya, ta ce wa mai tura gado, "Shiga da ita. Katin ya biyo baya." Sista ake kiranta, ban taɓa sanin sunanta ba har muka bar asibitin. Allah Ya saka mata.

Sai da suka yanke awarwaronta da zoben da ke yatsanta, domin hannun ya riga ya kumbura. Likitan da ya karɓe ta ya fito ya same ni, fuskarsa a ɗaure.

"Wa ya shafa mata ƙwai da man goge baki?"

Na ce maƙwabta ne, taimako suka yi.

"Na sani. Amma yanzu sai mun kankare shi daga kan ɗanyen nama, kuma ita za ta ji zafin. Malam, ƙuna ruwa take so. Ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara na tsawon lokaci, a rufe da zane mai tsabta, a kawo ta. Ruwa kawai."

Ya ƙara da cewa ƙunar lantarki maƙaryaciya ce, abin da ke ciki ya fi na waje. Za su duba bugun zuciyarta, kuma za su sa ido a kan fitsarinta. Aka sa mata roba da jaka a gefen gado. Fitsarin ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara. Likita ya ce in ya washe, ƙodarta ta tsira, in ya ragu ko ya tsaya, akwai magana.

Ni da ban taɓa kula da irin wannan ba, na koma mai gadin jakar fitsari. In an bar ni na shiga, kafin na kalli fuskarta sai na kalli jakar. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, ta taho daga Sabon Gari da tabarmarta da carbinta ta tare a asibitin. Ita ke kwana da ita, ni kuma in zo da asuba da ruwan zafi da koko. Yaran muka kai su gidan yayata, Yaya Binta. A rana ta uku da hantsi Iya ta fito baranda ta yafito ni.

"Baban Nana, zo ka gani. Ya yi haske."

Na kalli jakar, na fita bayan ɗakin na zauna a kan dakali na yi kuka. Na ɗauka mun haye. Ashe ba mu fara ba.

Abin da ya fi komai a satin farko shi ne wankin ciwo. Duk bayan kwana biyu ake yi, kuma kowane wanki sai an aike ni sayen kayansa, wani lokaci a ce babu a kantin asibiti sai na fita waje na zaga. Ana kwance bandeji, yana manne da nama. Ana yi mata allura kafin a fara, amma ba ta isa. Daga baranda nake jin muryarta tana kiran sunan Allah, tana kiran Iya da Yarabanci, harshen da ba ta cika yi ba sai ranta ya kai maƙura. Akwai ranar da aka yi mata allurar, mai wankin bai zo ba sai bayan awa biyu, ƙarfin maganin ya riga ya tafi. Wannan ranar har yau ban yafe ta ba, ko da yake na ga yadda ma'aikata biyu ke fama da ɗaki guda cike da majinyata.

A sati na biyu zazzaɓi ya sauko. Ta daina cin abinci. Bandejin bayanta ya fara jiƙewa da wani ruwa kore-kore, ga wari. Wata rana da la'asar na shiga, ta kalle ni ta ce, "Malam, ka rufe firizar, ƙanƙara za ta narke." Ba ta san a asibiti take ba. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon, suna neman shiga jini. Aka ɗebi ruwan ciwon aka kai gwaji, aka ce sakamako sai bayan kwana uku. Aka hana 'yan dubiya shiga. Dangi suka ji haushi, wasu suka ce wulaƙanci ne, sun baro sana'arsu an tsare su a ƙofa.

A cikin kwana ukun nan ne Yaya Binta ta zo da ƙulli a leda. Ta ja ni gefe ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

"Isiyaku, kana kallo yarinyar nan za ta mutu a hannunsu. Sati biyu, kullum baya take yi. Ga gashin zomo da zuma, a barbaɗa mata. Kuma akwai wani mai maganin ƙuna a bayan gari, gadonsu ne, ko tabo ba ya bari. Ka sa hannu a sallame ta."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Yayata ce, ita ta goya ni, kuma ba mugunta ta kawo ta ba. Ni ma na gaji da jin ihun wanki. Na shiga na sami Iya na ce mata ina tunanin mu gwada na gida. Tsohuwar nan ta ajiye carbinta, ta miƙe ta tsaya tsakanina da gadon. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun da na auri 'yarta, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baban Nana, matarka ce, kana da iko. Amma ni na haife ta. Ka je ka kira likita ka faɗa a gabansa. In ya ce a tafi, ni zan ɗauki tabarma."

Na kira shi. Bai yi faɗa ba. Ya ce in sa takunkumi da safar hannu, ya ɗaga gefen bandejin bayanta ya nuna mini. Ya ce, "Fata ita ce katangar jiki. Nan babu katanga. Duk abin da ka zuba a nan, cikin jininta ka zuba. In ka fita da ita yau, ba na jin za ta kai Juma'a."

Na mayar wa Yaya Binta ƙullinta. Ta yi fushi, ta yi kwana biyar ba ta ɗaga wayata ba, amma ko sau ɗaya ba ta fasa kai yarana makaranta ba, kuma ita ta dinga aiko da farfesun kifi.

Sakamako ya fito, aka canza mata allurai. Aka ce kuma jininta ya yi ƙasa, a nemo masu bayarwa. Nawa bai dace ba. Na sanar a kasuwa da unguwa, mutane suka zo, aka gwada. Ina tsaye a layin ɗakin gwaji sai na ga Malam Bitrus da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Malam Sani ne ya gaya masa. Nasa ya dace, ya bayar. Da ya fito yana danne da auduga a hannu, muka zauna a benci. Ya buɗe jakar ya ciro wani abu ya ajiye a tafin hannuna. Fis ɗin gidana ne, wayar jan ƙarfen tana nan ɗaure, ko gezau ba ta yi ba.

"Malam Sani ya ba ni," in ji shi. "Ban nuna wa kowa ba. Da siririyar waya ce a nan, da ta yanke tun kafin bango ya yi zafi."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Ka faɗa mini, Malam Bitrus. Ban ji ba."

"Ba don in ƙara maka ciwo na kawo ba, Alhaji. Na ji ana cewa wuta aka kawo mai ƙarfi. In ka yarda da haka, za ka gyara gida ka sake yin irinta."

A ƙarshen sati na uku zazzaɓin ya sauka. Ta nemi shayi da kanta. Sista ta ce yanzu aikinmu ciyarwa ne, ƙwai, wake, kifi, nama, madara, domin da su jiki ke gina fata. Rashida ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, abinci kuma ba ya mata daɗi. Iya ta dinga yi mata alale mai ƙwai a ciki, tana ba ta loma-loma kamar yaye.

Sati na biyar aka sa ranar tiyata. Za a yanko fata daga cinyarta a dasa a hannu da kafaɗa. Aka hana ta ci tun da daddare, muka shirya, da azahar aka ce an ɗage, an kawo waɗanda suka yi haɗari. Aka sake sa rana, aka sake ɗagewa. A karo na uku aka shiga da ita. Awa huɗu ina zagaye baranda. Da ta farfaɗo, ta ce cinyar ta fi hannun zafi. Sai kuma jiran kwana biyar kafin a buɗe a ga ko fatar ta kama. Ranar buɗewa likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mafi yawa ta kama, sai wani ɗan wuri a gwiwar hannu da zai cike da kansa.

Duk wannan lokacin fis ɗin yana aljihuna. Rashida kuwa kanta take zargi. Wata ranar Asabar da rana, Iya ta fita salla, ta ce da ni, "Malam, ka yafe mini. Ni na jawo mana. Da ban watsa ruwan nan ba. Da ban dage sai na ƙara firiza ba."

Na ciro shi na ajiye a kan zanen gado. Na gaya mata komai, zuwan Malam Bitrus, abin da ya ce, da abin da na yi bayan ya tafi. Ta kalli wayar ta daɗe. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta juya fuska wajen bango.

"Ka sani, kuma ka bar ni da yara a ciki."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. In na kawo abinci sai ta karɓa daga hannun Iya. Na fi jin zafin kwana biyun nan fiye da na zazzaɓin, domin wancan ina da addu'a, wannan kuwa na san na cancanta. A rana ta uku na shigo na gaishe ta, ta ce, "Ba zan koma gidan nan ba sai an zare kowace waya an sa sabuwa. Kuma ni za a nuna wa, ba kai kaɗai ba."

Haka aka yi. Malam Bitrus ya sake wayarin gaba ɗaya, ya ja wa kicin layinsa, ya sa makunnin da ke faɗuwa da kansa in kaya sun yi yawa ko wuta ta taɓa mutum. Muka cire silin roba. Tagar ɗakin yara da ke da ƙarfe a kafe, aka mayar da ita mai buɗewa. Na sayi tukunyar kashe gobara na rataye a tsakar gida. Ranar da aka sallame ta, kafin ta zauna, sai da Malam Bitrus ya zaga da ita da yaran ya nuna musu komai.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In soket ya yi ɗumi ko baƙi, in ka ji warin roba, in fis na yawan yankewa, kashe wutar ka kira wanda ya san aikin, ranar, ba bayan salla ba. Kada ka ɗaura komai a gurbin fis. Matar gidanka ta fi ka zama a gidan, ka nuna mata babban makunni yau. Ba a watsa wa wutar lantarki ruwa, ba a taɓa wanda ta kama sai an kashe ta. In kuma ƙuna ta faru, ka tuna maganar likitan nan: ruwa kawai.

Godiyata ga Malam Sani, da Sista, da likitan, da Malam Bitrus wanda jininsa ke jikin matata, da Iya, da Yaya Binta. Ban da abin biyansu.

Yanzu wata biyar ke nan. Tabon yana nan daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, yana ƙaiƙayi in rana ta yi zafi. Duk sati muna zuwa wajen masu motsa gaɓoɓi, domin fatar ta ɗaure yatsun. Aikin da suka ba ta shi ne ta kai babban yatsa ya taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya. Da farko ko na kusa ba ya kaiwa. Jiya bayan la'asar na shigo na tarar da ita a kan sallaya, tana tasbihi da hannunta na dama, a hankali, tana cije leɓe. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Babban yatsan ya taɓa na farko, ya taɓa na biyu, ya taɓa na uku. Wajen ƙaramin ya tsaya, yana rawa, saura kaɗan. Ta ɗago ta gan ni.

"Kada ka taimaka," ta ce.

Na sa hannuwana a baya, na jira.